Lambun Baba Mai Bokiti

"Ba haka ake yi ba, Wanzami! Na gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya dawo gefe. Ko askin ma haka kake yi, ka aske rabin kai ka sallami mutum?"

Na tsaya na dogara da shebur ina haki. Baba na zaune a kujerar roba ƙarƙashin bishiyar lemun tsami, ya ɗora ƙafafunsa a kan wani akwatin katako. Sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma rigata ta jiƙe sharkaf.

"Baba, shekara ashirin da biyu almakashi nake riƙewa. Shebur ba sana'ata ba ce."

"To yau ta zama. Sa hannunka a ciki mu ji."

"A cikin jujin?"

"Sau nawa zan gaya maka? Juji abin da aka yasar ne. Wannan taki ne, girka shi nake yi. Sa hannu."

Na naɗe hannun riga, na cusa hannuna cikin tarin har gwiwar hannu. Wani ɗumi na ji, kamar na burodin da bai daɗe da fitowa daga wuta ba. Na zaro dunƙule guda. Baƙi ne, mai laushi, kuma ba ya ɗoyi ko kaɗan. Ƙamshinsa irin na ƙasa ne idan an yi ruwan farko.

"Matse shi. Ruwa ya ɗiga?"

"Bai ɗiga ba, amma ya jiƙa min tafi."

"Madalla, haka ake so. Saura sati uku ya nuna." Ya tsaya yana mayar da numfashi, irin numfashin nan nasa na kwanakin, gajere-gajere kamar wanda ya hau bene da kaya. Can ya ce, "Uwata za ta zo ranar Juma'a. Wai tafiya za ta yi da ni."

Uwata ita ce 'yarsa, ita kaɗai ya haifa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran sunanta. Na ci gaba da juya takin. Wannan karon bai gyara min ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, gajeriya, ba ta wuce ƙirjina ba. Shagon askina kuma yana gaban gidana, ƙofarsa na kallon titi. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana tuƙa bas a cikin gari, hanya ɗaya, safe da yamma, har yakan ce ko an ɗaure masa ido zai kai fasinja tasha. Lokacin da na tare a layin, tsakar gidansa fili ne ƙeƙasasshe. Ƙasar ta yi tauri kamar siminti, ga tabon baƙin mai ko'ina inda ya saba kwance wata tsohuwar motarsa. Ko ƙadangare ba ya daɗewa a wurin. Shekarar da ya ajiye aiki, a cikinta matarsa ta rasu. Ya yi wata biyu yana zama a bakin ƙofa yana kallon motoci suna wucewa. Ranar nan sai ga shi a shagona da bokiti a hannu.

"Wanzami, gashin nan da kake sharewa, ina kake kai shi?"

Kafintan layinmu ne a kan kujera, na kai masa rabin ƙeya. Ya zabura har ƙyallen da na ɗaura masa ya zame.

"Gashin wa? Wallahi Baba ba wanda zai fita da gashina daga shagon nan. Me za ka yi da gashin mutane?"

"Kwantar da hankalinka," in ji Baba. "Kan da ya tsiro da shi ma bai tsinana maka komai ba, balle gashin. Ƙasar gidana ce ke jin yunwa, ita zan ba."

Masu jiran layi suka fashe da dariya. Kafinta bai yi ba. Wata guda cur in na gama masa aski sai ya tattara gashinsa a takarda ya sa a aljihu. Amma kafin shekara ta zagayo, shi ne ke kai wa Baba garin katako buhu-buhu, ba tare da an roƙe shi ba.

Haka bokitin ya fara zagaye. Kullum da safe zai biya wurin mai shayi ya karɓi ganyen shayin da aka tace da ɓawon ƙwai. Ya biya wurin mai kayan miya ya kwashe ruɓaɓɓen tumatir da ganyen da ya yi yaushi. Matan layi su ajiye masa ɓawon dankali da na ayaba a gwangwani a bakin ƙofa. Busasshen ganyen da mutane ke tarawa su cinna wa wuta, shi ya hana, ya ce a bar masa. Yara suka sa masa Baba Mai Bokiti, sunan ya bi shi har manya suka manta cewa da Baba Direba ake ce masa. Yana da dokokinsa. Ba ya karɓar nama, ba ya karɓar ƙashi ko abin da mai ya taɓa. "Ban gayyaci ɓera ba," in ji shi. Kuma a tarin, in ya zuba ɗanye sai ya rufe da busasshe. "Kamar lodin fasinja ne. In ka cika gaba ka bar baya, mota ba ta tafiya daidai."

Ya kankare ƙasar da mai ya ɓata, ya fitar da ita a baro. Shekara biyu ba abin da ya yi kirki a gidan. A ta uku kabewa ta kama. Yanzu shekara tara ke nan, in ka leƙa ta katanga ba za ka ga ƙasa tsirara ko tafin hannu ba. Ga tumatir, ga kuɓewa, ga na'a-na'a da ɗoɗɗoya, ga furanni ja da rawaya da fari waɗanda ni ban san sunansu ba. Da gangan yake jera su yadda in wannan ya gama fure wancan zai fara, don kada baƙinsa su zo su tarar da tukunya a kife. Baƙin su ne ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi. Bai taɓa kafa amya ba, bai taɓa ɗiban zuma ba. Faranti kawai ya ajiye musu da ruwa, ya jera tsakuwa a ciki don su sami wurin tsayawa kada su nitse. Ya kuma sa kafinta ya huda masa wani gungume da ramuka ƙanana, inda wasu ƙananan ƙudaje marasa harbi ke shiga su yi ɗaki.

Sau ɗaya muka taɓa saɓawa. Ƙudan zuma ya harbi maiɗakina a yatsa tana shanya, na leƙa ta katanga raina a ɓace.

"Ka ba ta haƙuri," ya ce. "Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi. Amma kafin ka tafi, ɗaga kai ka dubi gwaibarka."

Na ɗaga kai. Bishiyar da ta shekara biyar tana fure yana zubewa a banza, ranar na lura rassanta sun sunkuya da 'ya'ya. Ban sake ta da maganar ba.

* * *

'Yar Baba ta iso ranar Juma'a da azahar. Malamar makaranta ce a wani gari mai tafiyar awa biyar, tana zaune da mijinta da 'ya'yanta a hawa na huɗu, asibiti kuma yana tsallaken titinsu. Da la'asar ta yi sallama a ƙofar shagona, ta zauna a bencin masu jira, jakarta a kan cinya.

"Malam, don Allah ka taimake ni. Kai yake jin maganarka."

"Ni? Ai ni yake yi wa faɗa kullum."

"Wanda yake yi wa faɗa shi yake ji. Likita ya ce zuciyar ta yi rauni, ba gyara. Amma in yana kusa da asibiti za a riƙa zuƙe masa ruwan, a ba shi iska in numfashi ya sarƙe. Na gyara masa ɗaki. Mota za ta zo gobe da safe."

Na ce zan gwada, kuma tsakani da Allah na gwada. Na same shi a kujerarsa yana kallon faranti, ƙudan zuma uku sun sunkuya a kan tsakuwa suna shan ruwa. Na kawo masa maganar jikoki, na kawo ta asibiti, na ce lambun ni zan kula da shi har ya dawo.

"Har in dawo," ya maimaita, yana murmushi. "Wanzami, ka taɓa ganin ƙudan zuma a hawa na huɗu?"

"Baba, ba maganar wasa ba ce."

"Na sani. Likitan nan na tambaye shi yadda nake tambayar bakanike. Na ce injin zai tashi ko ba zai tashi ba? Ya ce zai ɗan ja. To in dai ɗan ja ne, gara ya mutu min a ƙofar gida da ya mutu a kan hanya. Ni ba tsoro nake ji ba. Ba na dai son in buɗe ido da safe in ga bangon da ban sani ba."

Da na fito, tana tsaye a zaure. Ta ji komai. Idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Shi ke nan? Ka yarda da shi?" Muryarta ƙasa-ƙasa don kada ya ji. "In ya faɗi a banɗaki, kai za ka ɗaga shi? In numfashinsa ya tsaya, furanni ne za su ba shi iska? Ku kuna ganin lambu. Ni ubana nake gani. Shi kaɗai ya rage min."

Gaskiya ta faɗa. Sannan na gaya mata abin da ban cika faɗa wa kowa ba. Mahaifina mu ma mun kai shi babban asibiti a wani gari, don muna son sa. Kwana tara ya yi. A kwana taran nan ba abin da yake tambaya sai ko an rufe masa tagar ɗakinsa, ko an ba akuyarsa ruwa. Har ya cika bai daina neman takalmansa a gefen gado ba.

"Ban ce ki bar shi ba," na ce. "Abin da na gani kawai na faɗa miki. In kin ce a ɗauke shi, ni zan kama ƙafa."

Ta juya ta shige ciki.

Washegari mota ta zo ta tsaya a ƙofar gida. Ina share shago ina satar kallo. 'Yar Baba ta fito ita kaɗai, ta yi magana da direban, ta sauke wata jaka daga baya, motar ta juya ba kowa a ciki. Ta ƙaraso ƙofar shagona, ba ta ko dube ni sosai ba.

"Na nemi hutu a makaranta. In ka samu sarari, ka kira kafinta ku matsar masa da gadon bakin taga."

* * *

Daga bakin tagar Baba ya ci gaba da mulkinsa. Wata ma'aikaciyar jinya tana zuwa duk bayan kwana biyu ta duba shi. Maiɗakina tana miƙa abinci ta katanga, marar gishiri, shi kuma yana mita wai an mayar da shi jariri. Bokitin ya koma hannuna. Kafin in buɗe shago sai na zagaya, mai shayi yana tsokanata, "Ƙaramin Mai Bokiti, an tashi lafiya?" Ban-ruwa kuma 'yar Baba ta karɓa, ba don tana so ba. Takan tsaya nesa ta miƙa hannu, in ƙuda ya zagayo ta yar da butar ta ruga. Shi kuwa yana taga yana cewa, "A gindi, Uwata, a gindi! Ganye ba ya shan ruwa, saiwa ke sha."

A sati na biyu, wata safiya, ina tsakiyar yi wa mai shayi gyaran fuska na jiyo ƙugin inji daga farkon layi. Na leƙa. Motar masu feshin maganin sauro ce, tana tahowa a hankali, farin hayaƙi na bin bayanta yana shiga gidaje ta saman katanga. Duk shekara Baba ne ke tare su. Tsofaffin ma'aikatan sun san shi, sukan kashe injin daga ƙofar kafinta har su wuce gidana. Waɗannan sababbi ne. Kuma lokacin ne furanni suka buɗe, lambun na ta amo kamar an kunna rediyo ƙasa-ƙasa.

Na ajiye reza, na kwashi duk ƙyallayen askin da ke rataye da tawul biyu, na haura katanga, abin da rabona da yi tun ina saurayi.

"Wanzami!" mai shayi ya biyo ni da kumfa a rabin fuska. "Haka za ka bar ni?"

"Zo ka kama min!"

Baba na buga tagar da tafin hannu. "Kabewar tukuna! Ku rufe kabewar da gungumen! Ku kife farantin!"

'Yar Baba ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta dube mu, ta dubi uban, ta jiyo ƙugin. Ban ankara ba sai ganinta na yi ta fizgo zannuwan gado daga igiya ta watso mana, ita kuma ta yi waje ba ko takalmi. Muna baza zani a kan furanni muna jiyo muryarta a titi, muryar da take tsawata wa aji mai ɗalibi sittin.

"Don Allah ku dakata! Akwai marar lafiya a gidan nan, numfashinsa ba ya son hayaƙi. Kuma akwai ƙudan zuma."

"Ƙudan zuma, Hajiya?" in ji direban.

"Ƙudan zuma. Na babana ne."

Injin ya mutu. Motar ta gangara shiru ta wuce gida uku kafin su sake tayarwa. 'Yar Baba ta dawo tana haki, ta tarar da mu tsaye a tsakiyar lambun da ya koma kamar shanyar masu wanki, mai shayi kumfa ta bushe masa a kumatu ɗaya. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta ruga ta tallafe shi tana shafa masa baya.

"Na babana ne," ya ce da ya samu numfashi. "Kun ji ta? Ta ba ni su."

Duk da haka iska ta kaɗo wani abu daga hayaƙin. Da yamma ta tarar da matattun ƙudaje bakwai ko takwas a gindin katanga. Ta share su a hankali ta ɓoye a bayan tarin taki. Bai gani ba, amma washegari ya ce mata, "Amon ya ragu kaɗan. Ba komai, za su dawo."

* * *

Daga nan jikin ya fara ja da baya da sauri. Ya daina cin abinci sai ruwan shayi cokali-cokali. Kwanciya ta gagare shi, sai aka tara masa matasai yana jingine. Ranar Laraba ta sati na uku ya aiko 'yarsa ta kira ni, ya ce in zo da kayan aiki.

Na shimfiɗa masa tawul a ƙirji. Fuskar ta zube, kumatun sun shige, furfura ta fito tsilli-tsilli. Na kaɗa kumfa da ruwan ɗumi na shafa masa. Shekara goma sha biyu ina aske kan nan, na san inda tabon tsohon rauni yake a bayan kunnen hagu, na san inda gashin ke juyawa a tsakiyar kai. Ranar sai da na tsaya sau biyu ina goge reza ba don ta yi datti ba.

"Ka yi shiru da yawa, Wanzami. Ba halin wanzamai ba ne."

"Ina kula ne kada in yanke ka."

"Ku ne kuke cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi." Ya lumshe ido. "Ƙarya ne dai. Ni ban ji zafin ba. Gajiya ce kawai, irin ta direban da ya sauke fasinjan ƙarshe."

Na gama, na shafa masa hoda, na riƙe masa madubi. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan tsohon ya yi kama da babana," ya ce. Sannan ya nuna tawul ɗin da haɓa. "Kada ka kakkaɓe a waje. Ka san inda za ka kai shi. Kuma ka ɗebo min na tsohon tarin in gani."

Na je na kakkaɓe furfurar a sabon tarin, na rufe da busasshen ganye. Na ɗebo na tsohon a kwano. Ya huce, ya zama gari baƙi, tsutsar tana na mutsu-mutsu a ciki. Ya sa yatsu ya murza, ya kai hanci.

"Ya nuna. Uwata, zo ki shaƙa."

Ta zo ta sunkuya. Na zaci za ta yamutsa fuska. Ta shaƙa sau biyu.

"Ƙamshin rigarka ne," ta ce.

"Ku shimfiɗa shi a sama, kauri kamar yatsa biyu. Kada ku tona. Tana za ta shigar da shi da kanta, ta fi ku iya aikin."

Da yammar ni da ita muka shimfiɗa, ni da baro, ita da hannu. Yana kallo ta taga. Bai gyara mana ko sau ɗaya ba, ban sani ba ko mun yi daidai ne ko ƙarfin magana ne babu.

Ranar Asabar da hantsi ina shago ina yi wa wani baƙo aski, sai maiɗakina ta tsaya a ƙofa. Ba ta saba leƙowa shago ba. Ta riƙe bakin gyalenta tana kallona. Na kashe injin askin, na ba mutumin haƙuri.

Na tarar da 'yar Baba zaune a bakin gado, kofin shayi a hannunta, cokali a ciki. Ta ce ya nemi ta buɗe tagar gaba ɗaya, ta buɗe. Ya ce ta haɗo masa shayi. Da ta dawo ta same shi yadda ta bar shi, a jingine, fuskarsa na kallon waje. Har ta ɗebo cokali ɗaya ta kai bakinsa kafin ta gane.

"Ko minti biyar ban yi ba," ta ce. "Ko minti biyar."

Na karɓi kofin daga hannunta na ajiye. Yana da ɗumi har lokacin. Na rufe masa ido, na gyara masa matashi. Maiɗakina ta shigo ta rungume ta, sai a lokacin kukan ya zo.

An kai shi makwancinsa a ranar. Jama'a ta taru fiye da yadda muka zata. Akwai wasu tsofaffi uku da ba wanda ya san su a layin, ashe kwandastocinsa ne na da. Ɗaya ya ce a shekara goma sha ɗaya da suka yi tare, bai taɓa ganin Baba ya bar mai gudu a tasha ba, ko da fasinja na zagi sai ya jira. Masu gaisuwa suka cika zaure suka malalo tsakar gida. Ba wanda ya ce musu komai, amma kowa ya bi siririyar hanyar da ke tsakanin shuke-shuken, ba a taka ko ganye ɗaya ba.

* * *

Bayan kwana goma hutun 'yar Baba ya ƙare. Mijinta ya zo da mota, aka loda jakunkuna. Ta leƙo ta katanga ta kira ni. Tana sanye da kayan tafiya, takalmi mai tsini, mabuɗi a hannu.

"Maigidana yana ganin a sa haya. Ni ban yanke ba tukuna. Ka riƙe wannan, zan riƙa zuwa ƙarshen wata."

Na zagayo na karɓa. Ba ta tafi ba. Ta ja ni zuwa ƙarƙashin tagar ɗakinsa, inda muka shimfiɗa taki. Wasu 'yan tsirrai sun huda baƙar ƙasar, birjik, kowanne da ganye biyu, ba su kai tsawon farce ba.

"Ana gobe zai rasu na gan shi ya zaro wani abu daga aljihu ya watsa ta taga," ta ce. "Na tambaye shi mene ne, ya ce in jira in gani. Jiya na zo zan cire ciyawa sai na tsaya. Malam, wanne ne nasa, wanne ne ciyawa?"

Na durƙusa na duba. Wasu ganyensu zagaye, wasu dogaye, wasu da ɗan gashi-gashi. Duk ɗaya suke a idona.

"Wallahi ban sani ba."

"To a bar su duka."

Mijin ya danna hon sau ɗaya a waje, a hankali. Ta ce masa tana zuwa. Ta tuɓe takalman ta ajiye gefe, ta tattare bakin zaninta ta tsuguna. Ta jawo butar, ta tara tafin hannunta a ƙarƙashin bakin, ruwan na bi ta tsakanin yatsunta yana sauka a hankali don kada ya kwantar da tsirran. Bai taru a sama ba. Yana sauka ƙasar na shanyewa, tana ƙara baƙi.